Iya Kande Ta Ƙirga Alheri

Ni ce Tani, matar Gwadabe. Da yana da rai ba za ku ji sunan nan a bakina ba, Baban Rahila nake ce masa. Yanzu kuwa ina faɗa, in sake faɗa, in ga wanda zai hana ni. Maciji ne ya sare shi a gonar dawa cikin watan Agusta, yana gyaran kunyoyin da ruwa ya zubar. Aka ɗaure masa ƙafa da tsumma, aka sa shi a adaidaita aka nufi Rano. Ba su kai ba. A hanya ya cika, kansa a cinyar Kawu Nomau, ƙanin mahaifiyarsa.

Ya bar mini 'ya'ya mata, Rahila ce babbarsu. Ya bar mini dawa tsaye a gona. Ya kuma bar mini uwarsa, Iya Kande, kuma ita ce maganar.

Iya ta tsufa har kanta ya fara yoyo. Abin da ya faru tun tana amarya za ta ba ka shi tiryan-tiryan, har da launin akuyar da aka yanka ranar. Amma tambaye ta abin da ta ci da safe, sai ta ce yau ba wanda ya ba ta ko ruwa, alhali ga kwanon kunu a gabanta ta lashe shi tas. Ranar da aka kawo gawar Gwadabe ta sani sarai. Autanta ne, shi kaɗai ya rage mata a garin cikin 'ya'yanta. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, mata biyu suka riƙe ta a bakin kabari. Washegari ina hura wuta, idona a kumbure, sai ga ta ta fito tana dogara sanda.

Ta ce, "Tani, Auta ya tafi gona bai karya ba?"

Na zaci zafin mutuwa ne ya ruɗa ta. Na ce, "Haba Iya, ai jiya muka binne shi."

Wayyo ni, da na sani da na haɗiye harshena. Ta saki sandar, ta zube nan gindin murhu, ta kurma ihu irin na wanda ya ji labari yanzun nan. To ai yanzun ta ji. Duk kukan jiya bai rage mata komai ba, daga farko ta faro shi.

Da aka kwana biyu wata mata ta zo gaisuwa daga Kibiya, ta durƙusa ta ce, "Iya, ya haƙuri?" Iya ta ce haƙurin me? Matar nan, Allah ya shirye ta, ta buɗe baki ta zayyana mata komai, har da irin macijin. Wannan karon Iya ba ta yi ihu ba. Ta bari sai da hankalinmu ya ɗauke, ta sulale ta fita neman ɗanta a gona. Wasu Fulani masu kiwo ne suka tsince ta wajen hanyar Kahu, ba takalmi, ƙafafunta duk ƙaya, suka ɗoro ta a jaki suka kawo mana. Na zauna ina cire mata ƙayar da allura, tana tambayata wa ya kai ta daji.

Ranar na fito tsakar gida na ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji. Na ce duk wanda ya sake faɗa wa tsohuwar nan ɗanta ya mutu, ko Fasto ne, ni da shi ne. An san bakina a unguwar nan, ba wanda ya tanka. Daga nan masu gaisuwa a zaure nake tare su. In Iya ta tambaya, yana gona. Da aka cire amfani, ya kai kaya kasuwar Rano. Da rani ya kama, ya tafi noman rani wajen Rurum. Sai ta yi tsaki ta ce yaron nan ko sallama ba ya yi wa mutum, ta koma ta zauna, can kuma ta manta ta sake tambaya. Ni mai zuwa sujada a majami'a, mai ɗaura zanin Zumuntar Mata, na koma maƙaryaciya safe da yamma, har yarana ma na koya musu.

Sai ga dawa. Ku ji abin haushi. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin gonar Gwadabe ta yi irin abin da ta yi bana ba. Kaura ce ya shuka, kowace zangarniya sai ka sa hannu biyu. Mazan ikilisiya suka yi mini gayya, maƙwabtanmu Musulmi ma suka fito da laujensu ba wanda ya roƙe su. Aka yanka, aka ɗaure, aka yi ta jido har rumbunmu ya ce ya ƙoshi. Sauran sai a rumbun Malam Saminu, mijin maƙwabciyata Barira, aka ajiye mini. Ba mu kaɗai ba, duk unguwar haka take. Gyaɗa ta yi, wake ya yi, dankali har yara suna jifa da shi. Awakina biyu kowace ta zubo tagwaye. Duk wanda ya shigo sai ya kalli rumbun ya ce, "Kai, Tani, Allah ya share miki hawaye." Ni kuwa in kalli rumbun nan in ji kamar in cinna masa wuta. Mai dawar bai ga ko zangarniya ɗaya ba.

Zan faɗi gaskiya, tun Agusta ban ce wa Ubangiji na gode ba. Ban yi faɗa da shi ba, ina ni ina faɗa da shi? Gaba dai nake yi. Ina zuwa sujada, in zauna a wurina, in ana waƙa in motsa leɓe, shi ke nan. Na san yana gani, kuma na so ya gani.

To mu a ikilisiyarmu akwai abin da muke yi ranar sabuwar shekara, mun gaje shi tun lokacin da iyayenmu suka karɓi bishara, ba su da Fasto, ba kuma wanda ya iya karatu a cikinsu. Kowane gida ya zo da damin dawa ɗaya, mafi kyau, a jingine a bayan majami'a. Sai wanda ya fi kowa tsufa, mace ko namiji, ya tashi ya ƙirga alheri. Zai bi gida-gida, ya faɗi abin da Ubangiji ya yi wa gidan a shekarar, mutanen gidan su miƙe su ce, "Mun gode, Ubangiji." Sai mai gidan ya ɗauko daminsa a ka ya kai gaban bagadi. Gidan mai ƙirgar shi ne na ƙarshe, daga nan ya ce Amin, kuma ba mai tashi sai ya faɗa. In mai gida ya mutu a cikin shekarar, matarsa ce ke ɗaukar damin, jama'a duka su miƙe mata tsaye har ta sauke. Mace ba ta ɗaukarsa in ba haka ba. Ko yaron goye a unguwarmu, in ya ga mace da dami a ka ranar nan, ya san abin da ya samu gidan.

Shekara da shekaru Baba Dari ne mai ƙirga mana. Ya kwanta dama bana bayan Ista. Mai bi masa a tsufa kuwa ita ce Iya Kande. Kuma abin da zai ba ka takaici, tsohuwar da ba ta riƙe ko sunan jikokinta, wannan ɗaya ta riƙe shi gam. Tun da aka fara yankan dawa take tambaya, "Sabuwar shekara saura yaushe? Bana fa ni ce."

Bayan Kirsimeti na sami Kawu Nomau da Fasto a gindin darbejiyar majami'a. Kawu shi ne babban dattijon ikilisiya. Faston kuwa sabo ne, bai daɗe da zuwa ba, mutum mai sanyin hali, irin wanda in ka yi masa tsawa sai ya ba ka haƙuri. Na durƙusa na gaishe su, na ce su taimake ni su tsallake Iya, Kawu ya yi ƙirgar bana.

Kawu ya ce, "Tani, yayata ce fa. Ita ta goye ni. In tashi in tsaya a wurinta tana zaune tana kallona? In ce mata me?"

Na ce, "Ka ce mata duk abin da ka ga dama, Kawu. Ni kullum ba ina ce mata wani abu ba?"

Ya sunkuyar da kai. Fasto ya gyara murya ya ce, "Maman Rahila, ko dai mu zauna da ita da safen, mu yi addu'a, mu gaya mata a hankali? Gaskiya ai ba ta..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, "Fasto, ka taɓa cire wa tsohuwa ƙaya a tafin ƙafa? A hankali! Ina ake faɗa wa uwa ɗanta ya mutu a hankali? Ka gaya mata da safe ta yi ta birgima, kafin a kaɗa ƙarfe ta manta, ta shigo ta tambaye ka ina yake. Sai ka sake gaya mata, ko?"

Ya ce in yi haƙuri. Na ce haƙurin ne ya kawo ni nan.

Ƙarshe Laraba, Uwar Zumunta, ita ta kawo dabara da aka kira ta. Ta ce a bar Iya ta yi ƙirgarta, Kawu ya tsaya kusa yana raɗa mata abin da ya faru a kowane gida. Da ta gama gidan da ke kafin namu, mata za su ɓarke da waƙa, a buga tulu da caki da ƙarfi, 'yan mata su kewaye Iya da rawa su juya ta, ta ba hanyar tsakiyar majami'a baya. Cikin hayaniyar ni in ɗauko damin in kai gaba da sauri, kada kowa ya miƙe mini. Fasto ya rufe da addu'a. Ta ce, "Kafin a gama waƙar ma ta manta ba ta yi gidanta ba." Kowa ya ce madalla. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don na fi su sanin tsohuwar.

Na yi tawa dabarar a gefe. Na sami Barira na ce ranar ta zo da sassafe ta ja Iya gidansu, ta zaunar da ita da hira har a tashi. Barira ta ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, bar ni da ita." Suna shiri sosai, Iya ce ta karɓi haihuwar Barira ta fari.

Ranar ta zo. Na fito da asuba zan ɗora ruwa, sai na tarar da Iya zaune a ƙofar ɗakinta. Ta yi wanka da ruwan sanyi ita kaɗai, ta ɗaura tsohon zaninta na Zumunta wanda ya koɗe, ta kafa ɗauri, takalmanta a gefe a jere.

Na ce, "Iya, ina zuwa haka da sanyin nan?"

"Ke ba ki san yau ba?"

"Ai ba yau ba ce, Iya. Sai gobe."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To su Nomau da suka wuce da dami a ka, kasuwa za su?"

Sai ga Barira da ƙwaryar gyaɗa, tana fara'a. Ta ce, "Iya, ina kwana? Zo ki taya ni ɓarar gyaɗa mana, na dama miki fura mai kyau, ga labari na tara miki."

Iya ta ce, "Barira, ranar Sallarku in na zo na ce ki zauna ɓarar gyaɗa, za ki zauna?"

Barira ta ce a'a.

"To ajiye mini furar, in na dawo na sha."

Barira ta dube ni, na dube ta. A daidai nan aka kaɗa ƙarfen majami'a, tsohon ƙarfen tayar mota ne da ke rataye a darbejiya. Iya ta zura takalmi ta miƙe. Na yi tunanin in ja ƙyaure in kulle ta, Allah ya sani na yi tunanin. Amma in kulle uwar mijina a ɗaki ranar da ta yi wata da watanni tana jira? Hannuna ya ƙi. Na sa Rahila ta riƙe ta suka yi gaba. Da suka sha kwana, Malam Saminu ya ɗora mini damin a babur ya kai bayan majami'a ya jingine cikin sauran.

Majami'a ta cika har waje. Kowa da sabon ɗinki, yara sun sha kitso da man shafawa, fuskoki sai ƙyalli. A waje tukwanen shinkafa da naman akuya suna jiran a tashi. Aka yi waƙoƙi, aka yi rawa har ƙasa na amsawa. Fasto ya yi wa'azi a kan yawan alherin Ubangiji, ya ce bana ko makaho ya shafa rumbunsa ya san an yi masa alheri. Gaskiya ya faɗa, ban ce ya yi ƙarya ba. Ni dai ina zaune a bencin mata, ban taya su ba.

Sai Kawu ya kamo hannun Iya ya kawo ta gaba. Wuri ya yi tsit. Ta tsaya, 'yar ƙarama da ita, ta dogara sandarta, ta ɗaga fuska sama. Wallahi muryar da ta fito ba ta tsohuwar da nake ba kunu a baki ba ce.

Ta ce, "Ubangiji, ga mu mun zo. Ka shigo da mu wata shekarar, ba da wayonmu ba, ba da ƙarfinmu ba. Mun zuba iri a ƙasa muka tafi muka yi barci, kai ka zauna kana gadi. Ka ba mu ruwa, bai yi mana rowa ba, bai kuma kwashe mana gidaje ba. Mun ci, mun ba baƙo, mun ba kaza, ga saura. Me muka ba ka? Ba mu ba ka komai ba."

Jama'a suka ce, "Mun gode, Ubangiji."

Ta fara bin gidaje. Kawu ya raɗa mata, ita kuma ta faɗa da irin bakinta. Gidan Bawa an haifi ɗa namiji, uwa ta tashi lafiya. Ta ce, "Ka ƙara musu baki, ka ƙara musu dawa, ka ga ba ka yi rabin aiki ba." Aka yi dariya, mutanen gidan suka miƙe suka amsa, Bawa ya taho da daminsa yana taku ɗai-ɗai. Gidan Tanko 'yarsu ta gama makaranta. Gidan Mati saniyarsu da ta ɓata ta dawo da kanta. Wani wurin sai ta ƙara nata, ta gode saboda rijiyar da aka haƙa tun ban zo garin ba, kamar jiya aka haƙa ta. Ba wanda ya gyara mata, aka amsa. Dammuna suka yi ta taruwa a gaban bagadi har suka rufe shi. Na ga mata suna share ido da bakin zani, don abin ya yi kyau, ba ƙarya. Ni kuwa ina bin gidajen a raina, ina jin suna ƙarewa.

Gidan Kawu Nomau shi ne kafin namu. Ya bar gefenta ya je ya ɗauko nasa ya sauke. Bai gama miƙewa ba Laraba ta ɗaga waƙa da iya ƙarfinta. Tulu ya ɗauka, caki ya ɗauka, 'yan mata suka taso da rawa suka nufi Iya. Na zame daga benci na yi baya da sauri, na sunkuya, Rahila ta taya ni na ɗora damin a ka. Na juyo ke nan na shigo hanya sai na ji sanda ta daki benci, kwas!

"Kai! Ku yi mini shiru!"

Tulu ya tsaya. Caki ya ɗan ƙara motsi shi ma ya mutu.

"Wa ya koya muku waƙa a kan addu'a? Ke Laraba, ba ni na sa miki tulu a hannu ba? Haka na koya miki? Ku matsa, kun tsaya mini a gaba kamar tumaki."

'Yan matan suka dare. Kafin idonta ya iso kaina na sauke damin ƙasa, na tsaya a gabansa. Kawu ya matso zai yi mata raɗa, ban san me zai ce ba, shi ma ban jin ya sani. Ta ture shi da gwiwar hannu ta ce, "Gidana ne, Nomau. Ba sai ka gaya mini ba."

Ta sake ɗaga fuska. Murmushi take yi.

"Saura ni, Ubangiji. Ni kam me zan ce? Ka bar ni na ga jikoki. Ka ba ni suruka, bakinta da zafi amma hannunta da daɗi. Ka cika mana rumbu har muna ajiya a maƙwabta. Sannan ga Autana, Gwadabe. Ka san shi kaɗai ne sandata. Damina guda yaron nan yana kutsawa cikin ciyawa, ka tsare masa ƙafa, ko kunama ba ta harbe shi ba. Yana hawa hanya yana sauka, ka kai shi ka dawo da shi. Uwaye nawa suka binne 'ya'yansu bana, ni ka bar mini nawa. Ban fi su da komai ba, alherinka ne."

Ta yi shiru tana jiran amsa.

Ba wanda ya yi motsi. Wata a bayana ta toshe baki da mayafi, na ji kukan yana fita ta hanci. Fasto ya kafa ido a ƙasa. Gidanmu ne zai amsa, gidanmu kuwa ni ce. Yarana sun miƙe suna kallona. Wata huɗu da wani abu ina hana Ubangiji kalmar nan a kan dawa da awaki, yau kuma a ce in ba shi ita a kan wannan? A kan ƙafar da na gani da idona ta kumbura ta yi baƙi?

Iya ta waiwayo tana laluben mutane da ido har ta same ni. Ta ce, "Tani, bakin naki yau ciwo yake? Kullum ana jin ki har Kahu."

Na ce, "Mun gode, Ubangiji."

"Ban ji ba. Wanda aka yi wa kaɗan ma ya ɗaga murya, balle ke."

Na ɗaga. Na faɗa da ƙarfi har muryata ta tsage, yarana suka bi ni suna kuka. Iya ta gyaɗa kai ta ce yawwa. Ta ɗauka kukan daɗi ne, don an saba yin sa ranar nan.

Na ce a raina to an wuce wurin, saura dami. Na sunkuya a hankali, ina fata ta juya. Hannuna na kan igiyar ke nan ta daka mini tsawa.

"Ke! Me za ki yi? Sake shi! Tani, kanki ɗaya? Fatan me kike yi wa ɗana da za ki ɗauki dami yana raye?"

Na sake shi kamar wuta na taɓa.

"Ina shi mai gidan? Gwadabe! Fito da damin gidanka mana, ana jiranka."

Ta leƙa ɓangaren maza, benci-benci. Mazan nan manya, masu gemu, kowa ya sunkuyar da kai kamar ɓarawo. Kawu Nomau ya zo gabanta ya durƙusa, ya kama hannunta. Ya ce, "Yaya."

"Mene ne, Nomau?"

Ya juyo ya dube ni. Na gane abin da yake tambaya. In na gyaɗa kai zai faɗa, a yi ta ta ƙare, ta zube a gaban bagadi cikin sabon ɗaurinta, a bakin godiyar da ta gama yi. Gobe kuma ta tashi ta tambaye ni ko ya karya. In ban gyaɗa ba, ban san abin da zai biyo baya ba. Na rasa wanda zan zaɓa, ban taɓa jin na zama ba komai ba irin na lokacin nan. Wuyana ya ƙi motsi. Bakina ne ya yi abin da ya saba.

Na ce, "Yana hanya, Iya. Daga Rurum zai taso."

Ta yi tsaki ta ce, "Yaron nan da makara, halin ubansa ne. To, mu jira shi. Ba zan ce Amin ba damin gidana yana ƙasa." Ta ce a ba ta kujera. Aka kawo, ta sa aka juya mata ita ta fuskanci ƙofa, ta zauna ta gyara zaninta a gwiwa, ta ɗora hannu biyu a kan sanda.

Muka zauna. Na yi ta roƙo a raina ta manta, yau dai ta manta, ita da ke manta loma tana bakinta. Ina! Ga dami a tsakiyar hanya yana tuna mata, ba kuma mai ikon taɓa shi. Laraba ta rungume tulunta. Wani jariri ya yi kuka aka ba shi nono ya yi shiru. Wutar tukwane a waje ta mutu, ƙamshin naman ya daina shigowa. Rana ta taso har ta shigo ta taga ta kwanta a kan dammunan gaban bagadi. Mutum sama da ɗari, ba wanda ya tashi, ba wanda ya yi tari. Lokaci-lokaci Iya takan ce, "Ku yi haƙuri, jama'a, yanzu zai iso."

Can sai muka ji ƙarar babur daga nesa, ta hanyar Rurum, yana matsowa. Iya ta miƙe zaune, fuskarta ta washe. Ta ce, "Kun ji ko? Ga shi nan."

Allah ya gani, ni ma sai da na juya na kalli ƙofar.